Motar Kara da Tubalin Roba

Wanda duk ya bi hanyar Kano zuwa Daura da kaka, ko kuwa ta Kano zuwa Katsina, zai ga ƙasa wadda daji ya ƙare a cikinta tun zamanin kakanni. Daga Ungogo har Ɗambatta, daga Dawakin Tofa har Bichi da Tsanyawa, gona tana jingine da gona, gida yana hangen gida, ba abin da ya raba su sai iyaka da itatuwan gawo da kuka da ɗorawa. A ƙasa irin wannan ba a wasa da sha'anin gona. Yaro ma ya san bambancin gonar gado da ta saye, ya san aro, ya san jingina, ya san haya da kashe-mu-raba. Ya san wanda ya karɓi haya ya kan yi noma ya kwashe amfani, amma ƙasa tana nan ta mai ita, ran da wa'adi ya cika kuwa sai a sake magana.

To, a ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin gona wadda ba a kai mata taki, ba a yi mata huɗa, amma ana ba da hayarta a kan kuɗi masu yawa. Wannan gona ita ce labari, musamman labarin da aka nuna a sinima. Cikin masu karɓar hayar akwai masu yin kayan wasan yara, irin waɗanda yaro ke harhaɗawa da hannunsa ya gina mota, ko jirgi, ko gida. Tarihin wannan haya shi ne za a bayar a nan. Amma da ya ke irin wannan gini ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, ya kamata a fara daga gida.

Maginan Kaka

In an yanke gero da dawa, an kai hatsi rumbu, kara ya bushe, to, lokacin yara ya zo. Kara ba abin banza ba ne a karkarar Kano, gama da shi a ke danga, da shi a ke gadon kwana, shi ne kuma makamashin girki. Saboda haka sai yaro ya lallaɓa ya zari nasa kafin uwa ta gani. Ya ɓare ɓawon ya tsattsaga shi sili-sili, ya yanyanka totuwar gunduwa-gunduwa, sa'an nan ya riƙa soka ɓawo cikin totuwa har abu ya tashi. Inda ke bukatar ƙusa ya sa ƙaya. Ƙafafun mota ya yanko su daga sakaina, da takalman roba suka yawaita kuma ya koma yankan tsohon silifa. Masu zama kusa da kududdufi su kan ɗebo yumɓu su gina shanu da raƙuma, 'yan mata kuma su ɗaura wa 'yar tsana zane su dafa mata tuwon ƙasa.

Abin lura shi ne kayan aikin ba su sake ba, amma abin da a ke ginawa ya yi ta sakewa gwargwadon abin da ido ya gani. Da can dokin kara ne, domin doki shi ne abin hawan manya. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe cikin 1912, daga baya manyan motoci suka shiga karkara suna kwasar buhuna zuwa dalar gyaɗa. Jirgin sama ya fara sauka a Kano cikin 1925. Kowanne daga cikinsu ya sami ɗan'uwansa na kara.

Daga nan sai majigi. Cikin 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa ofishin yin fim domin ƙasashen da ta ke mulki, ta ɗora wani ma'aikacin lafiya mai suna William Sellers a kansa, wanda ya daɗe yana nuna majigi a Nijeriya. Motar majigi ta kan sauka a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, a kafa farin ƙyalle, in duhu ya yi a nuna sha'anin tsabta da noma, irin su Baban Larai, mai sharhi yana fassarawa da Hausa. A Kano kuma an buɗe gidan sinima na Rex cikin 1937, cikin shekarun 1950 Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya, ga kuma na kaboyi. Abin da aka gani da dare, da safe yana hannun yara: bindigar kara, tabarau na kara, har ma majigin kansa, na kwali da fitila. Ba wanda ya nemi izinin wani, ba wanda ya biya ko anini. Labari a wurinsu kamar burtali ne, kowa ya kora dabbarsa ya bi.

Akawu da Kafinta

A Turai wannan wasa na gini ya zama sana'a. A birnin Liverpool na Ingila, inda jiragen ruwa ke sauke kayan Afirka ta Yamma, an yi wani akawu mai suna Frank Hornby. Shi ne ya yanka wa 'ya'yansa filayen ƙarfe masu huji a jere, waɗanda a ke ɗaurewa da noti a gina gada ko injin ɗaga kaya, a kwance a sake gina wani abu. Cikin 1901 ya ranci fam 5 wurin maigidansa ya yi wa dabarar rajista, cikin 1907 aka sa wa kayan suna Meccano. Ma'anar wannan rajista ita ce gwamnati ta ba mai ƙirƙira takarda, ta hana kowa kwaikwayon dabararsa har wasu shekaru, in sun cika sai ta zama ta kowa. A riƙe wannan, gama za a komo kansa.

A ƙasar Denmak kuwa, a wani ƙauye mai suna Billund, akwai wani kafinta, Ole Kirk Christiansen. Da kasuwar duniya ta faɗi, aikin gini ya tsaya, sai cikin 1932 ya koma sassaƙa kayan wasa na katako. Cikin 1934 ya sa wa sana'arsa suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. Cikin 1947 ya kawo injin narka roba, cikin 1949 ya fara buga ƙananan tubala masu ƙusoshi a ka, bisa samfurin da wani Bature na Ingila, Hilary Page, ya riga ya yi. Amma waɗannan ba su kama juna sosai, da an taɓa gini sai ya rushe. Sai cikin 1958 ɗansa Godtfred ya yi rajistar sabon tubali mai 'yan bututu a ciki, wanda ke cije ɗan'uwansa ya riƙe. A shekarar nan tsohon ya rasu. Cikin 1960 gobara ta cinye ɗakin ajiyar kayan katako, daga nan suka bar katako suka rungumi roba.

Hikimar tubalin nan ita ce hikimar tubalin ƙasa da maginin Hausa ke curawa. Tubali ɗaya ne, amma da shi a ke ɗaki, da shi a ke zaure, da shi a ke soro. Cikin 1978 suka ƙara 'yan mutane na roba, tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba, fuskarsu rawaya, ba suna, ba ƙabila. Yaro ne zai ce wannan ɗan sanda ne, wancan direba ne. Mutanen gidan kuma suka tsaya a kan ba za su yi kayan yaƙin zamani ba.

Yadda Hayar Labari ta Fara

Hayar labarin sinima ta girmi tubalin roba. Cikin 1928 wani Ba'amurke mai suna Walt Disney ya fito da fim na zane, jaruminsa ɓera ne, ana kiransa Mickey Mouse. Cikin 1929 wani ɗan kasuwa ya same shi a birnin New York ya ba shi dala 300 domin ya yarda a buga hoton ɓeran a bangon littafin rubutu na 'yan makaranta. Disney yana cikin bukata, ya karɓa. Ba a daɗe ba ya gane abin da ke hannunsa. Cikin 1932 ya ɗauki dillali, Kay Kamen, wanda ba shi da aiki sai ba da hayar ɓeran. Cikin 1933 aka yi agogon hannu mai hotonsa, cikin 1934 kamfanin Lionel, mai yin jiragen ƙasa na wasa, ya ɗora shi a kan ɗan keken dogo, cinikin ya taimaka ya fid da kamfanin daga hannun masu bin bashi.

Ga yadda a ke wannan haya. Mai labari da mai kayan wasa su kan rubuta yarjejeniya, wadda a ke kira lasin. A ciki za a faɗi irin kayan da aka yarda a yi, da ƙasashen da za a sayar, da yawan shekaru. Mai kaya ya kan ba da kafin alƙalami, sa'an nan kowane kwali aka sayar ya fid da la'adar mai labari. Ba ya kuwa da ikon fito da kome sai mai labari ya duba ya ce ya yi. Labari ɗaya ana iya raba shi ga mutane da yawa, wannan ya karɓi izinin riguna, wancan na littattafai, kamar yadda mai babbar gona ke yanka ta kashi-kashi.

Wanda ya nuna wa duniya iyakar amfanin wannan gona shi ne George Lucas. Cikin 1977 ya fito da fim mai suna Star Wars, watau Yaƙin Taurari, labarin mayaƙa masu takubban haske da jirage masu yawo tsakanin duniyoyi. Sa'ad da a ke shirin fim ɗin bai matsa a kan ƙarin ladan aikinsa ba, sai ya nemi a bar masa iko a kan ci gaban labarin, da rabo cikin kayan da za a yi da sunansa. Manyan masu kayan wasa ba su kula ba, sai wani kamfani mai suna Kenner ya karɓi izinin. Da fim ya fito jama'a suka yi masa ca, Kenner kuwa bai gama ƙera kome ba, ga Kirsimeti ya gabato. Sai suka sayar da kwali wanda ba 'yan mutane a ciki, sai takardar alkawari cewa za a aiko da su in an gama. Iyaye suka saya. Tsakanin 1978 da 1985 Kenner ya sayar da 'yan mutanen nan fiye da miliyan 300.

Abin da ya Kai LEGO ga Haya

Duk wannan ana yi, mutanen Billund suna noman gonarsu ta gado. Sun yi birni, sun yi fadar sarakunan da, sun yi jiragen sararin sama, sun yi 'yan fashin teku, duk na kansu, ba su biyan kowa la'adar fim a kan tubalinsu. Abu biyu ne suka sauya wannan.

Na farko, wa'adin rajistar tubali ya cika cikin 1978. Daga nan kowa yana da ikon buga tubali mai kama da nasu. Wani kamfani na ƙasar Kanada, mai kayan Mega Bloks, ya shiga kasuwa da araha. LEGO ya yi ta kai ƙara, amma Kotun Ƙoli ta Kanada cikin 2005, da babbar kotun Tarayyar Turai cikin 2010, duk suka yanke cewa siffar tubali ba ta zama tambarin kowa. Labari kuwa kariyarsa doguwa ce. A Amurka fim ɗin ɓeran nan na 1928 bai fita daga hannun masu shi ba sai ranar 1 ga Janairu, 2024, bayan shekara 95. Ashe tubali shekara 20 ya yi cikin danga, labari ya yi kusan ɗari. Kowane ɗan kasuwa ya ga inda riba ta ke.

Na biyu, yara suka sami abin da ya ɗauke musu hankali, watau talabijin da wasannin kwamfuta. Cikin 1998 kamfanin ya rufe littafinsa na shekara da hasara, abin da bai saba gani ba, har ya sallami ma'aikata wajen 1,000.

A wannan lokaci Lucas yana shirin sabon fim na Yaƙin Taurari. Shugaban reshen LEGO na Amurka, Peter Eio, ya kawo shawara a nemi izini. Dattawan Billund da yawa suka ƙi, suka ce gidan da ya guji yaƙi ba zai buga kalmar yaƙi a kan kwalinsa ba. Sai aka tambayi iyaye a Amurka da Jamus, mafi yawansu suka ce ba su ga laifi ba. Jikan kafinta, Kjeld Kirk Kristiansen, wanda ke riƙe da gidan, ya yanke magana. Aka ƙulla yarjejeniya cikin 1998, kaya suka fito cikin 1999, shekarar da fim ɗin ya fito, aka yi ta wawarsu. Amma ko a nan gonar a rabe ta ke. Izinin 'yan mutane zalla yana hannun kamfanin Hasbro, wanda ya gaji Kenner, LEGO kuwa na kayan gini aka ba shi.

Da aka ɗanɗana aka ji daɗi, sai aka ƙara. Cikin 2001 aka fito da kayan Harry Potter, labarin yaro ɗan makarantar sihiri, bisa izinin kamfanin Warner Bros., cikin 2002 kuma na Spider-Man, mutumin da ke saƙa kamar gizo-gizo. Haya ta sauya har fuskar 'yan mutanen. Tun da ya ke yanzu kowanne kwaikwayon wani ɗan wasa ne sananne, rawaya ba ta isa ba. Cikin 2003 aka yi wani jarumi baƙar fata na Yaƙin Taurari, Lando Calrissian, da launin fatarsa, daga 2004 kuma duk mutanen fim aka koma yi musu launin jikin ɗan Adam.

Shekarar Fari

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Cikin 2002 an nuna sabon Yaƙin Taurari, an kuma nuna sabon Harry Potter, ciniki ya yi kyau. Cikin 2003 ba a fito da ko ɗaya daga cikinsu ba. Kayan da aka tara suka yi kwantai a kantuna, cinikin kamfanin ya faɗi da fiye da rubu'i cikin shekara guda. Cikin 2004 hasara ta sake zuwa, har aka fara maganar ko gidan zai fita daga hannun zuriyar kafinta.

Ba haya kaɗai ta jawo wannan ba. Kamfanin ya watsa hannu cikin abubuwa da yawa, da filayen shaƙatawa, da riguna, da agogo. Kowane sabon labari kuma yana bukatar sabbin siffofi, kan wannan dodo, hular wancan jarumi, kowace siffa da madubinta na ƙarfe mai tsada, har ire-iren gutattsarin suka haura 12,000. Ribar shekarun fim ta rufe ɓarnar, kamar yadda damina mai albarka kan ɓoye ragwancin manomi. Da ruwa ya ɗauke sai kome ya fito fili. Mai haya ba shi ne ke sa ranar fitar fim ba, ba shi da ikon cewa a yi sauri ko a jinkirta.

Cikin 2004 aka ba wani saurayi, Jørgen Vig Knudstorp, shugabanci, shi kuwa ba ɗan gidan ba ne. Ya rage ire-iren gutattsarin zuwa wajen 7,000, cikin 2005 ya sayar da filayen shaƙatawa, ya mai da hankali ga tubali. Bai bar haya ba, sai dai ya gyara yadda a ke yinta. Cikin 2005 aka fito da wasan kwamfuta na Yaƙin Taurari wanda duk mutanensa na tubali ne, domin labarin ya zauna a zukatan yara ko a shekarar da ba fim. Aka kuma yawaita gonakin, domin in wannan ta ƙi waccan ta yi: Batman cikin 2006, Indiana Jones cikin 2008, jaruman Marvel cikin 2012. Izini ya zama abin tsere tsakanin kamfanoni. Fim ɗin 'yan fashin teku na Pirates of the Caribbean yana hannun Mega Bloks cikin 2006, cikin 2011 ya koma hannun LEGO.

Mafi muhimmanci, gidan ya koma share gonarsa ta kansa. Tun 2001 ya ƙago labarin Bionicle, wanda ya riƙe shi a shekarun wahala domin ba a fid da la'adar kowa a cikinsa. Cikin 2011 ya ƙago Ninjago, ya yi masa wasa a talabijin. Cikin 2014 aka yi fim sukutum a kan tubalin kansa, watau mai karɓar haya ya zama mai bayarwa. A farkon rabin shekarar nan cinikinsa ya zarce na Mattel, wanda a lokacin shi ne babba cikin masu kayan wasa. Masu gonaki su ma suka yi ta haɗiye juna. Kamfanin Disney ya sayi Marvel cikin 2009, ya sayi kamfanin Lucas cikin 2012, kowanne a kan wajen dala biliyan 4, watau miliyan dubu 4.

Wa ke Biya, Wa ke Karɓa

La'ada tana cikin kuɗin kwali, mai saye ne ke biyanta. Yaran 1977 sun girma sun zama magidanta, saboda haka aka riƙa yi musu manyan kaya. Cikin 2017 aka fito da wani jirgi na Yaƙin Taurari mai gutattsari 7,541, kuɗinsa dala 800. Inda tsada ta yi yawa kuwa jabu ba ya nisa. Wani kamfani a ƙasar Sin mai suna Lepin ya riƙa kwafar kayan har da zanen kwali. Cikin 2019 'yan sandan Shanghai suka kama kayansa, cikin 2020 kotu ta ɗaure shugabansa shekara 6.

Akwai wani abin da ya kamata mutumin karkara ya sani. Garin hamada da a ke gani cikin Yaƙin Taurari a ƙasar Tunisiya aka ɗauki hotonsa, tun 1976, sunan duniyar ma daga garin Tatawin aka samo shi. Ɗakunan da aka nuna cikin fim ɗin 1999 tsofaffin rumbunan ƙasa ne, waɗanda manoman wurin suka gina domin ajiye hatsi. Siffar irin waɗannan gine-gine ta shiga fim, daga fim ta shiga kwalin tubali, aka sayar a duniya. La'ada kuwa ta tafi ga wanda ya tsara labari ya riƙe takardarsa. Haka kuma cikin 2018 aka yi kayan Black Panther, labarin wata ƙasar Afirka ta almara, izininsa yana hannun Disney.

Komawa Gida

Ƙasar Kano ma ta zama ƙasar fim. Cikin 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim. Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a kaset, daga nan sana'ar ta bunƙasa har aka raɗa mata suna Kannywood. Kaset da faifai suka ratsa kasuwannin ƙauye, hotunan 'yan wasa suka hau kalanda da bayan motoci. Amma masu kwafa ba da izini ba sun cinye riba mai yawa, masu shirya fim da dama kuma sun sayar da aikinsu kacokan domin bukatar kuɗin hannu, kamar wanda ya sayar da gonar gado ya yi hidimar rana ɗaya. Doka tana nan. An kafa dokar haƙƙin mallaka cikin 1988, aka buɗe hukumarta cikin 1989, aka sa hannu a sabuwa cikin 2023, wadda ta ba fim kariyar shekara 50. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da labarin Bayajida da rijiyar Kusugu, waɗannan burtali ne, na kowa da kowa. Amma wanda ya zauna ya tsara nasa labari, ya rubuta ko ya ɗauka a fim, wannan gonarsa ce. Yana iya ba da hayarta ga mai riga, ko mai littafin makaranta, ko mai kayan wasa, ta kuwa zauna tasa. Amfanin karatu ke nan, kada mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da bai karanta ya ga haya ce ko sayarwa ba.

Game da yara kuma, kayan roba na ƙasar Sin sun cika kasuwanni, musamman da Salla, wayar hannu ta kawo finafinan duniya har cikin zaure. Ba laifi ba ne uba ya saya wa ɗansa abin da ya iya. Kwalin fim yana koya wa yaro haƙuri da bin tsari, gama takarda ce ke gaya masa wannan bayan wannan, yara da yawa kuma in sun gama su kan rushe su gina nasu. Amma cikin kwalin an riga an sa wa kowa suna, an riga an faɗi wanda zai ci yaƙi. Mai motar kara ba shi da takarda. Shi ne zai tsaya bakin hanya ya ƙare wa mota kallo, ya ƙidaya ƙafafunta, ya gwada, ta karye, ya sake, har ya gane dalilin da ya sa gaba ke juyawa baya ba ya juyawa. Abin da Hornby da kafintan Billund suka nema su sayar tun farko ke nan, shi ne kuma abin da kamfanin ya komo gare shi bayan ya sha wuya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka in kaka ta yi, aka ga yaro ya zari kara biyu uku daga jikin danga ya zauna gindin gawo da reza da ƙaya, kada a yi saurin kore shi. A nuna masa tarin da ba a bukata, a kuma tambaye shi abin da ya ke ginawa.